Auna gubar ƙarfe a naman ƙumbar teku: wace na'ura ce ta dace da aikinka?

Wata ɗaliba mai neman digiri na biyu ta taɓa kawo mini sakamakon gwajinta tana ta fara'a. Ta yi tattaki har bakin teku, ta ɗebo ƙumba a wurare shida, ta kai wani ɗakin gwaje-gwaje ta biya kuɗi masu kauri, aka miƙo mata takarda. Layin tutiya cike yake da lambobi, na tagulla ma haka, amma layin dalma daga sama har ƙasa abu ɗaya aka rubuta: ba a gano ba. Ta ce, "Malam, ashe ruwan wurin lafiya ƙalau yake." Na tambaye ta da wace na'ura aka auna, ta duba ƙasan takardar ta ce AAS mai harshen wuta, wato na'urar da ke fesa samfur cikin wuta ta gane ƙarfe daga hasken da ya tsotsa. Na ce ta jawo kujera mu yi lissafi, domin iyakar ganin na'urar kawai takardar nan ta nuna mana, ruwan kuwa har yanzu ba mu san halin da yake ciki ba.

Lissafin yana tafe. Tukuna dai, ga wanda bai taɓa ganin ƙumbar teku ba, 'yar'uwar ƙumbar nan ce ta kogunanmu wadda ake yin makankari da ɓawonta. Ta teku baƙa-baƙa ce ko ruwan ƙasa, tana liƙe wa dutse ko ƙafar gada da wasu zarurruka masu ƙarfi, kuma galibi inda ta liƙe nan za ta ƙare rayuwarta. Da tace ruwa take cin abinci, babba ɗaya takan tace gomman lita a rana. Ƙarfen da ke cikin ruwan yana taruwa a namanta sannu a hankali har ya ninka na ruwan sau dubbai. Wannan ne ya sa a 1975 Edward Goldberg na cibiyar binciken teku ta Scripps a Kalifoniya ya ba da shawarar a mai da ƙumba 'yar gadin gaɓar teku: a riƙa ɗebo ta lokaci-lokaci ana auna abin da ta tara. Amurka ta gwada tsarin daga 1976 zuwa 1978, sannan hukumarta mai kula da teku da yanayi, NOAA, ta ɗauke shi gadan-gadan a 1986, daga baya wuraren da take ɗibar samfur suka kai kusan 300. Faransa ta fara nata a 1979.

Me ya hana a auna ruwan kai tsaye? Ƙarfen da ke cikinsa ƙanƙane ne ƙwarai, kuma yana canzawa da cikar teku da janyewarsa: kwalbar da ka cika da safe da wadda ka cika da la'asar suna iya ba ka labari biyu. Ga kuma saurin gurɓatar samfurin. Masanin kimiyya Ba'amurke Clair Patterson ya nuna cewa yawancin alƙaluman dalmar ruwan teku da aka buga kafin aikinsa sun yi sama da gaskiya nesa ba kusa ba, saboda dalmar daga jirgi da kwalabe da iskar ɗakin gwaji ta shiga. Laka kuma tarihin shekaru take ba ka, ba ta gaya maka ko ƙarfen yana shiga jikin mai rai. Ƙumba tana ba ka matsakaicin 'yan watannin da suka wuce, kuma abin da ka auna a jikinta ya riga ya shiga abin da mutane ke ci.

Amfanin tsarin ya fito fili a Faransa. Kawar bakin kogin Jirond, 'yar'uwar ƙumba mai kaurin ɓawo, aka tarar tana ɗauke da kadmiyam fiye da ƙima, da aka bi sawu sai ga shi daga wata masana'antar tutiya yake fitowa kusa da garin Dekazbil, ɗaruruwan kilomita cikin tudu, yana biyo kogin Lot ya faɗa Garon har ya iso teku. Babu mai hango wannan da ido.

Ta gida ko ta keji

Kafin a kai ga na'ura akwai zaɓin da ake yi tun a bakin ruwa. Ko dai ka ɗebi wadda ta tsiro a wurin da kanta, ko ka sayo ƙumba daga wuri ɗaya mai tsabta, ka zuba a kejin raga, ka nutsar a wuraren da kake son aunawa na kimanin wata uku. Ta gida araha ce, kuma ita mutanen wurin ke ci. Aibinta shi ne ba lallai ka same ta a inda kake nema ba, kuma shekaru da girma sun bambanta daga wuri zuwa wuri. Ta keji duk sa'o'in juna ne masu asali ɗaya, don haka bambancin da ka gani na wurin ne. Da ita cibiyar binciken teku ta Faransa, Ifremer, ke aiki a Bahar Rum tun 1996. Sai dai tana son kwalekwale da anga da zuwa sau biyu, kuma kejin da ba a yi shawara da masuntan wurin ba kafin a nutsar da shi, da wuya ka dawo ka tarar da shi.

A gaɓarmu ta Afirka ta Yamma ba za ka sami shuɗiyar ƙumbar Turai ba. Akwai mai ruwan ƙasa, Perna perna, a gaɓar duwatsu irin ta Ghana. A fadamun gishiri na Legas da Neja Delta kuwa kawar da ke liƙe wa saiwar itatuwa ta fi samuwa. Kada wanda ya ce zai shigo da baƙuwar ƙumba don keji: ta Bahar Rum da ta shiga Afirka ta Kudu wajen ƙarshen shekarun 1970 ta mamaye duwatsun gaɓar yamma har ta danne na gida. Kuma kada a jera alƙaluman kawa da na ƙumba a layi ɗaya. Kawa tana tara tutiya da tagulla da azurfa ninkin-ba-ninkin abin da ƙumba ke tarawa a ruwa ɗaya, ita kuma ƙumba tana iya daidaita tutiya da tagullar jikinta, shi ya sa ba ta cika zama shaidar kirki a kan waɗannan biyun ba. A kan dalma da kadmiyam da zaiba ne ake jin maganarta. Ga mai ƙaramin ƙarfi, ni dai ta gida zan ce ya ɗauka, amma nau'i ɗaya, girma ɗaya, wata ɗaya a kowace shekara. Lokacin zubar da ƙwai nama yana ramewa, ƙarfen ya ga kamar ya ƙaru alhali nauyi ne ya ragu. Da damina kuma ruwan kogi yana rage gishirin fadama, kuma in gishiri ya ragu kadmiyam ya fi saurin shiga jiki.

Lissafin da muka yi da ɗalibar

Ga yadda samfur ke isa na'ura. Za ka bar ƙumbar ta kwana a ruwan teku mai tsabta don ta fitar da lakar cikinta, in ba haka ba laka za ka auna. Sai ka buɗe guda ashirin ko talatin da wuƙar roba ko ta tangaran, domin wuƙar kicin tana iya bar maka kuromiyam da nikel a nama. Ka haɗa naman wuri ɗaya, ka busar, ka niƙe. Daga garin nan ake auna rabin giram a zuba a ƙoƙon Teflon, a ɗiga asid ɗin naitirik, a rufe a dafa. In ka buɗe bayan ya huce wani jan hayaƙi ne ke tasowa, a ƙasa kuma ruwa garau mai ɗan rawaya, babu ko ɗigon nama. Shi ake cikawa da tataccen ruwa zuwa mililita 50.

To a nan gizo ke saƙa. Rabin giram cikin mililita 50 yana nufin an sirka samfurin sau 100. AAS mai harshen wuta, a ɗakin gwaji irin wanda aka saba gani, ba a cika amincewa da abin da ta faɗa a kan dalma ƙasa da kimanin miligiram 0.05 a lita ba. Ninka wannan sau 100, ya zama miligiram 5 a kilon busasshen nama. Ƙumbar wuri mai tsabta kuwa dalmar jikinta ba ta cika wuce miligiram 1 ko 2 a kilon busasshen nama ba. Ke nan dalmar wuri tana iya ninkawa biyu, ko ma uku, na'urar tana nan tana cewa ba a gano ba. Ɗalibar ta yi shiru, can ta ce, "Malam, to kuɗina fa?" Ban da amsar da zan ba ta, sai dai na ce sauran garin da ta ajiye a firiza shi ne rufin asirinta.

Wannan lissafin yana raba tambayoyi biyu da mutane ke cakuɗawa. Ta farko: wannan ƙumbar ta ciwu? Dokar Tarayyar Turai ta sa iyakar dalma a miligiram 1.5 a kilon ɗanyen nama, kadmiyam 1.0, zaiba 0.5. Tunda kusan kashi huɗu cikin biyar na naman ruwa ne, miligiram 5 a busasshe daidai yake da kusan 1 a ɗanye, wato harshen wuta yana iya hango iyakar dokar da ƙyar da jiɓin goshi. Ta biyu: gurɓatar wurin nan ƙaruwa take ko raguwa, kuma ina ya fi ina? Wannan ita ce tambayar sa ido a kan teku, kuma tana son na'urar da ke gani ƙasa da iyakar doka sosai. A kula kuma da ɗanye da busasshe. Na sha ganin an ɗauki alƙaluman busasshen nama an gwada da iyakar ɗanye, aka yi ta kururuwar guba a inda babu.

Ban ce a yar da harshen wuta ba. Alan Walsh ya fito da dabarar a Ostireliya a 1955, kuma har yau babu na'urar da ta fi ta haƙuri. Iskar asitilin take ci, irin ta masu walda, ana samunta a kowane babban gari. In wutar lantarki ta ɗauke sai ka kashe ka jira. Tutiya da tagulla da baƙin ƙarfe da manganis tana auna su tsaf cikin daƙiƙoƙi, kadmiyam ma tana ɗan taɓawa in wurin ya gurɓata. Dalma da asenik da zaiba ne ba nata ba.

Tanderu da filasma

Gasar gaskiya tsakanin biyu take: AAS mai tanderun girafait da ICP-MS. Tanderun wani ɗan bututu ne da bai kai tsawon ɗan yatsa ba, an yi shi da irin baƙin da ke cikin fensir. Ana ɗiga masa samfurin da bai kai ɗigon maganin ido ba, mikrolita 20, lantarki ya busar da shi, ya ƙone shi, sannan ya ɗaga zafi farat ɗaya zuwa digiri dubu biyu ko kusa da haka. Saboda tururin ƙarfen yana ɗan tsayawa cikin bututun maimakon ya bi wuta ya wuce, ganinta ya fi na harshen wuta sau ɗari ko fiye. Dalma da kadmiyam na ƙumba mafi tsabta ma ba sa ɓuya mata. Iskar agon da take sha kaɗan ce, tukunya ɗaya tana daɗewa.

Farashin wannan gani shi ne lokaci. Ƙarfe ɗaya take aunawa a lokaci guda, kowane ɗigo minti biyu zuwa uku, kuma sau biyu ko uku ake maimaitawa. Samfur 60 da ƙarfe huɗu aikin kwanaki ne. Bututun yana cinyewa bayan 'yan ɗaruruwan ƙuna, kuma ba a sayar da shi a kasuwar kusa. Sannan gishiri abokin gabarta ne: naman teku cike yake da shi, yana yin hayaƙin da na'urar za ta ɗauka ƙarfe ne. Don haka in za ka saya ko za ka kai samfur, tambayi ko tana da gyaran Zeeman, wato dabarar maganaɗisu da ke bambance hayaƙin da ƙarfen gaske, kuma ko ma'aikacin yana ɗiga sinadarin da ke riƙe ƙarfen har gishirin ya ƙone, irin su faladiyam ko amoniyam fosfet. In ya kalle ka bai gane tambayar ba, ɗauki samfurinka ka yi gaba.

ICP-MS, wadda ta shigo kasuwa a 1983, ita ce sarauniya in ana maganar iyawa. Tana fesa samfur cikin filasma, wato iskar agon da lantarki ya hura har zafinta ya haura digiri 6,000, ta tantance ƙarafan bisa nauyin ƙwayar zarrarsu. Cikin 'yan mintuna za ta ba ka ƙarfe ashirin ko talatin daga samfur ɗaya, a matakin da tanderu ma ba ya kaiwa. Tana kuma yin abin da sauran ba sa yi: tana bambance nau'o'in dalma masu nauyi 206 da 207 da 208, kuma daga rabonsu ana iya bin sawun inda dalmar ta fito, ko ma'adinai ne ko tsohon fetur. Ita ma gishiri yana yi mata shigo-shigo ba zurfi: agon da kulorin in sun haɗu nauyinsu 75 ne, daidai da na asenik, sai ta ga asenik inda babu shi, sai fa in tana da wani ɗan sashe na iskar hiliyam a cikinta da ke tace wannan.

Amma ita doki ce mai cin hatsi ko ana hawa ko ba a hawa. Tana shan agon kusan lita 15 zuwa 18 a minti, wato babbar tukunya ba ta wuce aikin awa goma. Famfonta na zuƙe iska ana son ya kwana a kunne. Tana son ɗaki mai sanyi marar ƙura, wutar da ba ta rawa, asid mai tsabtar gaske, ruwan da aka tace har ya wuce na allura, da injiniyan da zai zo in ta tsaya. Duk wanda ya zaga ɗakunan gwaje-gwajenmu ya san na'urar da aka ƙaddamar da tafi, bayan shekara biyu ka tarar an lulluɓe ta da leda saboda wani ɗan ƙarfen da bai kai tafin hannu ba. Sa ido a kan teku kuwa aiki ne na shekara goma, ashirin, kuma ramin shekara uku a tsakiyar jadawali ba ya cikuwa. Akwai 'yar'uwarta ICP-OES, mai auna ƙarafa da yawa lokaci guda ita ma, amma shan agon ɗinsu kusan ɗaya ne, a kan dalma kuma ba ta kai tanderu ba. Don aikin ƙumba kaɗai ban ga dalilin sayenta ba.

Zaiba daban take. Tana tashi da zafi, don haka busar da nama a tanda mai zafi yana iya korar wani kaso nata tun kafin a auna. Tun bala'in Minamata a Japan, wanda aka gano a 1956 bayan mutane sun daɗe suna cin kifi da ƙumbar da ruwan masana'antar Chisso ya gurɓata, babu shirin sa ido da zai tsallake ta. Mafi sauƙi a yau ita ce ƙaramar na'urar da ke ƙone samfur kai tsaye: ka auna ɗan gari a wani ƙaramin kasko, ta ƙone shi cikin iskar oksijin, wani tarkon zinariya ya cafke zaibar, cikin minti biyar ko shida ga lamba, babu asid babu narkarwa. Dabarar masu haƙar zinariya ce aka juya: su da zaiba suke kama zinariya, ita kuma da zinariya take kama zaiba. Ga mai aiki a bakin kogunan Pra da Ankobra na Ghana, inda ruwan haƙar zinariya ke gangarowa teku, wannan na'urar ta fi cancantar kuɗinsa na farko.

Biyu ne suka rage da ake yawan tambayata a kansu. Na'urar XRF ta hannu, mai kama da bindiga, wadda ke gane ƙarfe da hasken X-ray, ta yi rawar gani a Zamfara a 2010 lokacin da gubar dalma ta kashe yara sama da 400: ana ɗora ta a ƙasar tsakar gida ta faɗi lamba nan take. Amma can dubban miligiram a kilo ake magana, nan kuwa ɗaya ko biyu. Ba aikinta ba ne. Sai gwajin niyutiron, inda ake gane ƙarfe daga hasken nukiliyar da samfur ke fitarwa bayan an saka shi a inji, wanda ake yi da ƙaramin injin nukiliya na Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da ya fara aiki a 2004, da takwaransa na Kwabenya a Akara. Daɗinsa ba a narkar da samfur, don haka ƙofar gurɓata ta ragu, kuma yana da kyau a kan asenik da tutiya da kobalt da siliniyam. Gishirin nama yana sa a jira kwanaki kafin hasken sodiyam da ke rufe na sauran ƙarafa ya lafa, kuma babbar matsalar ita ce ba ya ganin dalma. Yana da amfani a matsayin shaida na biyu a kan wasu ƙarafan. A kan asenik ma a yi hattara da kowace na'ura: jimilla take ba ka, alhali mafi yawan asenik ɗin naman teku nau'i ne marar guba sosai, kada babbar lamba ta firgita ka.

In ni ne mai kashe kuɗin

Ɗalibi ko mai bincike na shekara ɗaya kada ya yi tunanin saye. Ya busar da samfurinsa, ya nemi ɗakin gwaji mai ICP-MS ko tanderu, ya aika. Garin ƙumba ba ya da nauyi, ba ya lalacewa in ya bushe sarai. Kafin ya biya ya nemi a rubuta masa iyakar ganin na'urar a kan kowane ƙarfe, a kilon busasshen nama, ba a litar ruwa ba.

Hukuma ko sashen jami'a da zai riƙa bibiyar wurare goma zuwa ashirin kowace shekara, AAS mai haɗe da harshen wuta da tanderu ta ishe shi, da ƙaramar na'urar zaiba a gefe. Rarar kuɗin da ICP-MS za ta ci a zuba ta a na'urar busarwa da sanyi, da tukunyar narkarwa, da injin tace ruwa, da batura da sola, da bututun girafait na shekara uku. Duk shekara a ware kashi ɗaya cikin goma na samfur a aika wa mai ICP-MS don a gwada a gani ko ana tafiya daidai. ICP-MS ta dace da cibiya ta ƙasa mai karɓar dubban samfur, mai kwangilar agon da ta gyara a rubuce.

Kowacce ka zaɓa, akwai wata 'yar kwalba da ba a yin aikin nan ba tare da ita ba: garin ƙumba wanda an riga an tabbatar da yawan ƙarfen da ke cikinsa, irin SRM 2976 na hukumar NIST ta Amurka ko ERM-CE278k na Turai. Ana narkar da shi tare da kowane rukunin samfur, haɗe da ƙoƙo ɗaya da babu komai cikinsa sai asid. In lambar da ka samu ta kauce wa ta takardar kwalbar da fiye da kashi 20 cikin ɗari, rukunin nan duka a sake shi. Ɗakunan binciken teku na hukumar makamashin nukiliya ta duniya, IAEA, da ke Monako kuma suna shirya gwajin da ake aika wa ɗakunan gwaje-gwaje na ƙasashe samfur iri ɗaya, kowa ya auna a ga wanda ya dace. Ɗalibar nan tawa, da ta aika sauran garinta wurin mai tanderu, ta cusa cokali ɗaya na wannan gari a tsakiyar samfuranta da lamba bakwai, ba ta gaya wa kowa ba.